Yadda ake kare jirgin shaƙatawa daga duwatsu a teku mai cika da janyewa

A gaɓar Saint-Malo ta Faransa da tsibirin Jersey, ruwan teku kan hau ya sauka da kusan mita 12 a kwanakin babbar cika. Inda jirgi ya ratsa lafiya da hantsi, kafin la'asar duwatsu sun fito fili. Shi ya sa matuƙi a can yake yawan duba agogo.

Kafin ka kwance igiya, duba jadawalin cikar teku na tashar da ta fi kusa. Ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma ya fi tsanani a kwanakin sabon wata da na tsakiyarsa.

Sai lissafi. Ɗauki zurfin da taswira ta nuna, ƙara tsayin cikar wannan lokaci, ka cire iya nutson jirginka, ka bar rara. Tsakanin cika da janyewa kuwa, raba bambancin tsayin ruwan gida 12. Awa ta farko gida 1 ne ke tafiya, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3-3, sannan 2, sannan 1. A Saint-Malo ke nan, mita guda na iya zarewa cikin minti 20 a tsakiyar janyewa. Wanda ya ce bari ya gama shayi tukuna, a kan dutse zai ƙarasa shi.

Mashiga mai duwatsu, ka shige ta ruwa na hawa, don ko ka taɓa ƙasa zai ɗaga ka. Amma guji ƙololuwar babbar cika, domin in ka maƙale a nan kana iya jiran mako biyu kafin ruwa ya sake kaiwa wurin.

Kada ka sakankance da allon GPS. A Nuwamba 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind ya hau tudun murjani na Cargados Carajos a Tekun Indiya, saboda ba a faɗaɗa taswirar kwamfuta yadda tudun zai bayyana ba. Ƙwararru ne fa.

In ƙaddara ta afka, fara da mutane: kowa ya sa rigar kariya, a duba wanda ya ji ciwo. Ɗaga katakon daɓe ka ga ko ruwa na shiga. In yana kwarara, kada ka ja jirgin, dutsen nan shi ke riƙe da ku. Kira ta rediyon VHF tasha ta 16, "Mayday" in rai na cikin hatsari, "Pan-Pan" in bai kai nan ba.

In babu ɓula kuma ruwa na hawa, ɗauki anka, wato ƙarfen da ke kafe jirgi a ƙasan ruwa, a ƙaramin kwalekwale ka jefa ɓangaren zurfi, don kada igiyar ruwa ta ƙara tura ku sama. In yana janyewa, mintoci kaɗan gare ka: tara mutane gefe guda jirgin ya karkata don ƙasansa ya ɗan ɗaga, ka ja da baya ta inda ka shigo. Ya ƙi? Sa ya kwanta ta ɓangaren tudu, cusa katifu tsakaninsa da dutse, rufe tagogi, ka jira cika.

Ko ya tashi lafiya, a fitar da shi a binciki ƙarfen nauyin da ke ƙasansa. Jirgin Cheeki Rafiki ya rasa nasa a Tekun Atlantika a Mayu 2014, mutum huɗu suka mutu, kuma masu bincike na Birtaniya sun ce mai yiwuwa taɓa ƙasan da ya yi a baya ne ya raunana shi.