Darasi na 7: Burodin da Babu Gulutin a Cikinsa

Abin da ke sa burodin alkama ya tashi ya yi laushi, ya kuma riƙa jawuwa idan an yage shi, shi ne gulutin. Sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai, wani ɗan uwan alkama. Idan fulawa ta jiƙa aka murza ta, gulutin yakan yi danƙo ya tare iskar da yis ke fitarwa. Masu cutar siliyak, kusan mutum 1 cikin 100, ba sa cin sa ko kaɗan, domin yana lalata bangon ƙaramin hanji. Wanda yake zargin yana da ita, ya je a gwada shi tun yana cin alkama. Idan ya riga ya daina, gwajin na iya nuna lafiya lau alhali cutar na nan.

Idan za ku saya

Ku karanta jikin ledar. Ku nemi rubutun da ya ce babu gulutin, ko hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kowane kilo. "Babu alkama" kaɗai bai isa ba, tunda ana iya sa sha'ir. Sai ku duba jerin kayan haɗi: wanda aka fara rubutawa shi ya fi yawa. Idan sitaci ne na farko da na biyu da na uku, burodin zai yi fari da laushi, amma lami ne a baki. Wanda yake da garin dawa ko na shinkafar da ba a cire wa dusa ba ya fi ɗanɗanon hatsi. Akwai kuma wanda ake yi da sitacin alkama da aka wanke gulutin daga ciki, kuma yana cikin waɗanda suka fi kama da burodin da aka saba. Sai dai wanda alkamar ce da kanta jikinsa ba ya so, ya guje shi.

Idan za ku gasa da kanku

Gari guda ɗaya ba ya maye gurbin fulawa. Ana haɗa garin hatsi don ɗanɗano, sitaci don laushi, da abin da zai riƙe su. A nan ƙaiƙayin siliyam, wato ɓawon ƙwayar wani tsiro da ke yin yauƙi idan ya jiƙa, ya fi komai. Ƙaron zantan, wani gari mai sa kwaɓi ya yi danƙo, shi ma yana riƙewa, amma burodinsa ya fi kusa da kek. Ga awon burodin gwangwani guda:

garin shinkafa mai laushi, giram 200
garin dawa, giram 150
sitacin rogo, giram 150
ƙaiƙayin siliyam, giram 20
ruwa mai ɗumi, mililita 480
busasshen yis, giram 7
gishiri, giram 10
sukari, giram 15
mai, babban cokali 2
ruwan khal, ƙaramin cokali 2

A auna da sikeli. Kofi yana yaudara, domin kofin sitaci da na garin dawa nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ku zuba siliyam a ruwan ku kaɗa da sauri, cikin minti 2 zai yi kauri da yauƙi. Ku haɗa busassun kayan a wani kwano, ku zuba yauƙin da mai da khal, ku cakuɗa na minti 5 har ba sauran busasshen gari. Kwaɓin zai riƙa manne wa hannu. A nan mafi yawan mutane ke kuskure: sai su ga ya yi ruwa, su ƙara gari, burodi ya fito da nauyi kamar bulo. Wannan kwaɓi ya fi na alkama shan ruwa nesa ba kusa ba. Ku shafa mai a hannu kawai, ku mulmula shi, ku sa a gwangwani ku rufe.

Tashi ɗaya ake bari ya yi, na minti 45 zuwa awa 1, har ya ƙaru da kamar rabin girmansa. Kada a jira ya ninka. Mai son ƙamshin burodi na gaske ya rage yis zuwa giram 4, ya bar kwaɓin ya kwana a firij. Kumburi a hankali shi ke kawo ɗanɗano, kuma garin shinkafa yakan jiƙa sosai ya daina yin ƙasa-ƙasa a baki.

Obin ya yi zafi tun kafin a sa, digiri 220 a ma'aunin Salshiyas. A ajiye faranti da tafasasshen ruwa a ƙasa na minti 15 na farko, domin tururi na hana ɓawo bushewa kafin burodi ya gama tashi. Sai a cire ruwan, a rage wuta zuwa 200, a ƙara minti 45. Mai ma'aunin zafi ya soka a tsakiya, ya ga 96 zuwa 99. A fitar da shi daga gwangwani nan take, a bar shi ya huce sarai, awa 2 ko 3. Ƙamshi zai ja ku, amma wuƙa ta dakata, sitacin ciki bai gama kamawa ba.

Idan an yanka aka ga ciki ya caɓe yana manne wa wuƙa, bai gasu ba ko an yanka da zafi. Babban rami ƙarƙashin ɓawo da dunƙulallen layi a gindi na nufin ya wuce lokacin tashi, kwaɓin ya kasa riƙe iska ya rufta. Idan yana marmashewa, siliyam ya yi kaɗan ko ruwa. Wani siliyam ɗin kan sa burodi ya yi launin shunayya. Ba ya cutarwa, a canza iri kawai.

Ga mai siliyak, tsabtar kayan aiki ba wasa ba ce. Rariya da katakon yanka da na'urar gasa yanka su zama nasa shi kaɗai, kuma kada a niƙa hatsin a injin da ake niƙa alkama.

Wannan burodi yana saurin tauri, kwana 2 ya fara. Firij ƙara masa tauri yake yi. Ku yayyanka shi ranar da ya huce, ku sa takarda tsakanin yanka da yanka, ku ɗaure a leda ku sa a firiza. Duk lokacin da za a ci, a ɗauko yanka a gasa shi kai tsaye, ba sai ya narke ba.