Darasi Na Tara: Tsohon Shafin Intanet Na Shago

A Alabar, cikin Kumasi, akwai wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa. Shekaru da dama da suka wuce aka buɗe masa shafin intanet. Ya biya kuɗi, ya yi murna, daga nan bai sake waiwayarsa ba. Rannan ɗan ƙanwarsa ya zo shago, ya ce, "Kawu, kawo wayarka mu leƙa shafin nan naka." Suka buɗe. Rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, sai an ja da yatsu biyu kafin a karanta. Hoton shadda ya fito rabi ya tsaya. Lambar wayar da ke ƙasa kuwa da 051 ta fara, alhali tun shekarar 2010 aka canja lambobin wayar tebur a Gana, na Kumasi suka koma farawa da 032.

Alhaji ya ce, "To ai masu saye sun san hanyar shagona."

Yaron ya ce, "Na da sun sani, Kawu. Wanda ke Tamale ko Bawku yana neman shaddar biki fa? Ya kira wannan lambar, ba ta shiga, sai ya ɗauka ka rufe."

A nan asarar take, kuma ba ta da ƙara. Mai saye da ya juya a bakin shago, ka gan shi, kana iya kiransa ku yi ciniki. Wanda ya juya a intanet ba za ka taɓa sanin ya zo ba.

Tsofaffin shafuka don kwamfutar tebur aka gina su, yau kuwa a waya ake nema. Tun 2015 Google yake fifita shafukan da suka dace da fuskar waya idan da waya aka yi binciken. Ga kuma data. Shafi mai nauyin hotuna yana cinye ta, kuma ba wanda zai ƙona datarsa yana jiran hoton atamfa. Sai ka dubi farkon adireshin shafinka. In http ne babu harafin s a ƙarshe, tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome take gargaɗin masu shiga cewa shafin ba shi da tsaro. Wa zai tura maka kuɗi bayan ya ga wannan?

Abin da sabon shafi yake bukata ba shi da yawa. Hotunan kayan da ke shagon yau, a ɗauke su da hasken rana don launi ya fito daidai. Farashi da sidi. Wurin da za a taɓa a shiga WhatsApp kai tsaye. Lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, tare da sunan da zai fito idan an tura kuɗi, domin tun 2018 ana iya turawa daga layin wani kamfanin waya zuwa na wani. Sai adireshin GhanaPostGPS, wato lambar da ke nuna wurin shagonka a taswirar waya, wanda aka fara a 2017, ya fi kwatancen "bayan masallaci, kusa da mai waake".

Wani zai ce Facebook ya ishe shi. Yana da amfani, ban musa ba, amma rumfar haya ce. Ranar da aka rufe maka asusu ko ɓarayin intanet suka kwace shi, ba ka da sarkin kasuwa da za ka kai wa kuka.

Yanzu a natsu, ga inda aka fi cutar 'yan kasuwa. Sunan shafi, wato adireshin da ake rubutawa a shiga, haya ake biya masa, galibi shekara-shekara. Sau da yawa wanda ya gina shafin da sunan kansa yake rajista, lambar sirri ma tana hannunsa. In ya yi tafiya ko kuka ɓata, ka zama mai shago ba mabuɗi. In wa'adin biya ya wuce, shafin ya ɓace, wani ma yana iya saye sunan. Don haka kafin ka ba da ko sisi, ku rubuta yarjejeniya: rajista da sunanka, lambar sirri a hannunka, kuma ya koya wa wani na gida yadda ake canja hoto da farashi. Kada ka biya duka a tashin farko. Ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai ka buɗe shafin a wayarka ka gani da idonka.

Aikin wannan mako: kowa ya buɗe shafin shagonsa, ko na wani da ya sani, a wayar hannu. Ya ƙirga da baki har shafin ya gama buɗewa, ya rubuta adadin. Ya kira lambar da ke ciki ya ji ko tana shiga. Sannan ya rubuta a littafinsa sunan wanda lambar sirri take hannunsa, da watan da ake sabunta biya.