Yadda za ka hana ƙwayar cutar da ba ta jin magani zagaye mutanen gidanka a Legas

Wannan na masu jinya a gida ne, musamman mu da ke gidajen haya na Agege da Idi-Araba da Mile 12, inda za ka ga mutum shida a ɗaki ɗaya, gida guda kuma bayi ɗaya ake layi. An sallamo maka mara lafiya daga asibiti, ko yaro ya fito da maruru an sha Ampiclox kati biyu ko gezau, likita ya ce ƙwayar ta daina jin maganin. To daga nan aiki ya dawo hannunku, don irin wannan ƙwayar biyo mutum gida take yi ta zauna a hancinsa da fatarsa da hanjinsa, wani lokacin har watanni bayan ya miƙe yana harkokinsa, kuma wanda ya fi kusa da shi shi ke fara kwasa. A 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa antibayotik, wato magungunan kashe su irin Ampiclox ɗin nan, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna in aka auna da yawan jama'a.

Farko dai ka san wace ce. Ka nemi a yi gwajin kalca, a ɗauki mugunyar ko fitsarin a shuka a lab, kwana biyu zuwa uku sakamako ya fito da sunan ƙwayar da jerin magungunan da take ji da waɗanda ba ta ji. An fi so a ɗauka kafin a fara shan komai. Takardar nan ka ɗauke ta hoto a waya don wallahi sai ta ɓata, kuma duk asibitin da za ku je nan gaba ku nuna. Amfanin sanin sunan shi ne ka san inda za ka tsare. In Staph ce, irin wadda ake kira MRSA, wato Staph mai bijire wa magungunan da aka saba ba ta, hanyarta fata ce da tawul da reza. In E. coli ce ko Klebsiella to gidanta hanji, hanyarta bayi da hannu. Kuma dan Allah kar ka biye wa masu tallan maganin "staf" da lasifika a tasha da cikin mota, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da Staph a hancinsa lafiya ƙalau, ganin sunanta a takarda ba ya nufin mijinki ya kwaso wani abu a waje, na ga auren da ya kusa mutuwa a kan wannan shirmen.

Sai raba kaya. Tawul, soson wanka, sabulun wanka, reza, abin yanke farce, man shafawa na gwangwani wanda kowa ke tsoma yatsa. Mara lafiya ya samu nasa shi kaɗai. Ni a wajena soson gida ɗaya haramun ne ko babu mai ciwo, soso nawa yake? In mai ciwon namiji ne ya dakata da zuwa shagon aski sai ƙurjin ya warke, ko ya tafi da kilifarsa.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma nan zan daɗe. Za ka shiga gida ka tarar Hajiya ta wanke tsakar ɗaki da Izal har idonka na yaji, an fesa Dettol a labule, amma je ka bayi ka duba, babu ko ɓallin sabulu. Ƙasa ba ita ke shiga bakin yaro ba kamar yadda hannun uwarsa ke shiga. Ka bi hannun nan da ido ka gani: mutum ya yi tsarki da hagu, ya ɗauraye da ruwa zalla, ya kama sakatar ƙofa, ya sauya butar zuwa wannan hannun, ya fito ya ɗauki kofin da ke kan duron ruwan da mai ruwa ya zuba da safe ya tsoma har wuyan hannu, ruwan da za a sha a kuma dama kunu da shi kenan. Kafin azahar wani ya ɗauki butar nan ya yi alwala, ya kurkure baki. Da rana an zauna tire ɗaya ana cin shinkafa da hannu. Shikenan ƙwaya ta gama zagaye gidan ba wanda ya ga wucewarta. Mutane sai su ce ai muna alwala sau biyar, eh alwala tsarki ce ta ibada kuma tana rage datti, amma bayan bayan gida sai an sa sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce kamar sakan 20.

Abin da nake sa mutane su yi shi ne, mara lafiya a ware masa butarsa, a ɗaura mata jan zare a hannu yadda ko yaro zai gane, kuma butar bayi daban ta alwala daban, wannan ba na sassautawa a kai. Sabulu kuma tunda in ka ajiye a bayin haya kafin magariba ya yi ƙafa, ka samu robar ruwa da aka shanye ka huda murfin da ƙusa, ka zuba sabulun ruwa ko ka jiƙa omo a ciki, kowa ya shiga da ita ya fito da ita tare da buta. Duron ruwan sha a rufe shi, a sa moɗa mai dogon hannu a rataye ta, in da hali a sayi bokiti mai famfo a ƙasa ya fi komai. Na san ruwa kuɗi ne a garin nan, jarka ɗaya sai an yi ciniki, amma wanke hannu kofi ɗaya ya isa in wani na zuba maka, ka kwatanta da kuɗin allurar da ake yi ta jijiya in na baki sun ƙi aiki, wadda sai an ba da gado.

Sannan maganar fo da famfas. A gidajenmu yarinya 'yar shekara takwas ake ce wa ke Ummi je ki wanke wa ƙaninki kashi, ta wanke ta goge hannu a zani ta koma cin gyaɗarta. In yaron ne mai ɗauke da ƙwayar to babba ya karɓi aikin nan, a zubar a masai nan take kar a bar fo a bakin ƙofa ƙuda na bi, a wanke shi da ruwan bilic. Famfas a ƙulle a leda kafin a jefa a shara. Hypo ko Jik, duba jikin robar, in an rubuta 3.5% to murfi ɗaya a ruwa murfi 30 ya isa goge sakata da hannun buta da bakin masai, a bari ya ɗan jima kafin a ɗauraye, kuma kullum a haɗa sabo don in ya kwana ƙarfinsa ya tafi. Kar a kuskura a gauraya shi da Harpic wai don ya ƙara ƙarfi, hayaƙin da zai tashi a ƙaramin bayi mara taga zai iya kai mutum asibiti.

Ciwon da ke fitar da ruwa a rufe shi da bandeji mai tsabta ko da yaushe. Mutum ɗaya ya riƙa wankewa, da safar hannu, ya wanke hannu kafin da bayan. Maruru ba a matse shi da yatsa, ba a kai wa wanzami ya tsaga, a je asibiti su buɗe shi yadda ya kamata.

Magani kuwa, na wanda aka rubuta wa ne shi kaɗai, ya sha yadda likita ya ce, a kan lokaci, iya kwanakin da aka ce. Ragowar Augmentin ɗin Baba ba na Inna ba ne don ita ma ta fara jin zafin fitsari. Kuma kar a ce bari kowa a gidan ya sha kafso ja da yalo ko Flagyl don rigakafi, wannan kashe ƙwayoyin kirki na hanji yake yi ya share wa mai taurin kan fili ta yi ta yaɗuwa. Mura ma ba ruwanta da antibayotik, bairos ne ke kawo ta ba bakteriya ba, ko me yaron kemis zai ce maka.

Wanki a taƙaice: zanin gado da tawul da kayan ciki na mara lafiya a wanke su daban da ruwan zafi da omo, kar a kaɗe su a cikin ɗaki, a shanya a rana su bushe ƙarau, da damina in rana ta ƙi a bi da guga. Jariri da mai jego da tsoho da mai ciwon suga kar su kwana shimfiɗa ɗaya da mai ciwon da ke zubar da ruwa, amma ba a ce a ƙaurace masa ba, a gaisa a yi hira a zauna tare. In wani a gidan ya fara zazzaɓi mai zafi, ko ƙurji yana faɗaɗa yana ja, ko fitsari da zafi da ciwon kwiɓi, ko jariri ya ƙi kama nono, a tafi asibiti ranar, a nuna musu hoton takardar kalcar nan a ce akwai mai irin wannan a gida.