Yadda na gyara jirgina da ke tsayawa a wata kwanar layi

Sati biyu ɗan jirgin ƙasa na na wasa, samfurin HO mai sikelin 1:87 (wato na gaske ya ninka shi tsawo sau 87), yana ba ni ciwon kai. Da ya iso kwanar da ke nesa da kwantirola (na'urar da ke ba layin wuta) sai ya yi cak, fitilarsa ta mutu, sai na tura shi da yatsa.

Na zaci ƙurar hunturun nan ce ta Kaduna, na goge layin da tayoyi da sifirit, shiru. Na canza injin, shi ma nan ya tsaya.

Sai na ari mita ta auna wuta wajen wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada, na saita ta kan DC 20 (wato awon wuta irin ta batir, har volt 20), na buɗe kwantirola har ƙarshe, na bi layin guntu-guntu. Ko'ina volt 12, amma ina tsallake mahaɗar layi da ke wajen kwanar nan sai ya faɗo ƙasa da 3. Ashe ɗan ƙarfen da ke haɗa layi biyun ne ya saki, har ya yi baƙi. Na cire wuta, na kankare shi, na matse da filaya, sannan na jawo siririyar waya biyu daga kwantirola na liƙa da dalma a gefen waje na kowane layi, kar ka liƙa ta ciki, taya za ta yi karo. Jar waya ta bi layin da jar wayar farko ke ba wuta, in ka juya su shot ne.

Yanzu zagaye yake ba gargada, alhamdulillahi, mai rediyo Allah ya saka.