Kurakuran da masu lambu ke yi kan ɗan tsallen da ke tsotse masara

Duk wanda ya saka masara a gefen lambun alayyafo a Ojo ko Ikorodu a Legas ya san shi: ka taɓa ganye, ya yi tsalle ya ɓace. Turawa na ce masa planthopper, mu kuwa nan da nan sai mu ce ɗan fara ne. Kuskuren farko ke nan. Fara tauna take yi, tana barin ɓula a ganye. Shi bakinsa tsinke ne kamar na sauro, ruwan shuka yake zuƙa, ganye ya yi rawaya ba ko ɓula ɗaya. Mai kama masarar nan bai fi ƙwayar shinkafa ba, in ya sauka yakan rufe fikafikansa kamar jinka.

Sai neman sa a saman ganye. Ba nan yake zama ba. Buɗe zuciyar masarar, inda sabon ganye ke fitowa, ka kuma janye ganyen da ya rungume kara, can suke cunkushe. In ka ga kiyashi na hawa da sauka, ganye na danƙo har ya fara baƙi, kada ka yi saurin cewa darɓa ce. Shi ma, kamar ƙwarin darɓa, yana fitar da ruwa mai zaƙi da ke sa ganye danƙo, ya jawo kiyashi.

Wasu kuma jira suke su ga tsutsa. Ba ya tsutsa. Macen kan tsaga jijiyar tsakiyar ganye ta cusa ƙwai, 'ya'yan su fito da kamar uwar amma ba fikafikai, su yi saɓa sau biyar. Daga ƙwai zuwa girma wajen wata guda ne, ga ɗumi da laimar Legas, shi ya sa mai saka sabuwar masara kusa da tsohuwa yake ta kiwon su bai sani ba. Suna ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka, don haka wadda ta tsumbure ganyenta ya yi zane-zane, tuge ta.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne feshin ganin dama. Maganin ba ya kai wa ƙwan da ke cikin jijiya, sai dai ya kashe gizo-gizon da ke cin ƙwarin, su kuma su ƙara yawa. Haka ta faru a gonakin shinkafar Indonesiya da wani ɗan'uwansa, har a 1986 gwamnati ta hana fesa magunguna 57 a kan shinkafa. Kafin ka goya tankin feshi, malam, buɗe masara goma da sassafe ka ƙirga abin da ke ciki.