Darasi na Tara: Tufafin 'Ya'yan Sarkin Japan a Da

Japan ƙasa ce ta tsibirai a gabashin Asiya, kuma tana da sarki har yau. Za mu karanta irin suturar da ake yi wa yaran gidan sarautarta, sannan mu yi lissafi da shekarun da ke cikin labarin. Sunayen baƙi ne a bakinmu. Wanda harshensa ya sarƙe ya sake, ba abin kunya ba ne.

Karatu

Kafin 1868 fadar sarki tana birnin Kyoto. A lokacin yaron fada bai san riga mai maɓalli ba. Rigarsa ta alharini ce mai faɗin hannu, a buɗe ta gaba, a yafa gefe kan gefe a ɗaure. Dangin kimono ke nan, wato rigar gargajiyar Japan. Gefen hagu ne ke hawa kan na dama, domin gawa kaɗai ake yi wa akasin haka.

Teloli da masu keken ɗinki, ku saurara nan. Ana yanka kimono daga dogon ƙyalle guda siriri, wanda faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, ɗinkin kuma miƙaƙƙe ne kamar yadda ake harhaɗa saƙi. Na yara a Japan, da gangan ake ɗinka shi ya yi musu yawa. Sai a kalmashe rarar a kafaɗa da ƙugu a ɗinke. Yaro yana tsawo ana warware kalmasar, riga tana binsa.

Idan ɗan sarki ko 'yar sarki sun kai wajen shekara biyar, akan yi musu bikin da ake kira chakko-no-gi. Ranar ce ake fara sa wa yaro hakama, wani buje-wando mai faɗi mai ninki-ninki. Namiji kuma akan ɗora shi a tsaye bisa katakon wasan go, wasa ne mai kama da dara. Ya riƙe mafici a hannu ɗaya, ɗan reshen itace a ɗayan, a datse masa bakin gashi kaɗan, sannan ya diro ƙasa. Tushen wannan al'ada tun zamanin Heian ne, wato daga 794 zuwa 1185.

To, ina kayan Turawa suka shigo? Sarki Meiji, wanda aka haifa a 1852, cikin tsofaffin tufafi ya tashi, ya kuma hau gado a 1867 bai cika shekara 15 ba. A lokacin Amurka da ƙasashen Turai sun sa Japan ta sa hannu a yarjejeniyoyin ciniki da suka danne ta. Manyan gwamnati suka ga cewa muddin ana yi musu kallon mutanen da, ba za a zauna da su a matsayin tsara ba. A 1872 aka ba da doka cewa kayan ado na ma'aikatan gwamnati su zama irin na Turai. A 1873 sarki ya rage gashinsa, aka ɗauke shi hoto da kakin soja. Matarsa ba ta yi gaggawa ba, sai a 1886 ta fara fita taro da rigar Turawa.

Yara kuwa ta makaranta canjin ya same su. A 1877 aka buɗe makarantar Gakushuin a Tokyo domin 'ya'yan sarauta da na manya, kayan makarantar kuma shuɗi ne mai duhu irin na hafsoshin sojan ruwa. Yarima Yoshihito, ɗan Sarki Meiji, haifaffen 1879, ya shiga a 1887, sai Firaminista Ito Hirobumi ya ba shi kyautar jakar fata mai siffar akwati wadda ake goyawa a baya. Sunanta randoseru, kalmar an aro ta ne daga harshen mutanen Holan. Yau kusan kowane ɗan firamare a Japan irinta yake goyawa. Ita kuma rigar matuƙan jirgin ruwa mai faffaɗar kwala, daga Ingila ta yaɗu, bayan an sa wa ɗan Sarauniya Biktoriya ita a 1846. Hirohito, ɗan Yoshihito, da aka haifa a 1901, ya sa irinta yana ƙarami. A 1912 ma aka ba shi muƙamin ƙaramin hafsa a sojan ƙasa da na ruwa. Yaro ɗan shekara 11 da kakin hafsa, a ganina nauyin ya yi masa yawa.

Ba a jefar da tsofaffin tufafin ba, an mai da su na ranar biki. A Nuwamba 2011 Yarima Hisahito, jikan sarkin Japan na lokacin, yana da shekara biyar, ya sa hakama ya hau katakon go ya diro, kamar kakanninsa.

Aiki

Kwafi waɗannan kalmomi sau uku, ka kula da lanƙwasar haruffa: ƙyalle, maɓalli, ɗinki, ƙugu.

Daga dokar 1872 zuwa fitar matar sarki a 1886, shekara nawa ne? Shekarar Yoshihito nawa a shekarar da ya shiga makaranta?

Gaya wa na kusa da kai, da bakinka ba tare da duba littafi ba, dalilin da ya sa gwamnatin Japan ta koma kayan Turawa.

Na gida: auna rigar wani yaro daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka rubuta inci nawa ne. In za ka ɗinka masa sabuwa da rarar inci huɗu ta kalmasa, nawa za ka yanka? Ka zo da amsar a rubuce mako mai zuwa.