Yadda Ake Gane Tsutsar Ciki a Tumaki da Awaki da Yadda Ake Magance Ta

Tsutsar da ta fi yi wa tumaki da awaki ɓarna da damina ita ce wadda masana ke kira Haemonchus contortus, wadda take maƙalewa a tumbin dabba tana shan jini har dabbar ta rame, wani lokaci kuma ƙasan haɓarta ya kumbura.

Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu sun ɓullo da wata hanyar gane ta mai suna FAMACHA. Ka kai dabbar wurin haske, ka ja fatar idonta ta ƙasa, ka dubi launin ciki. Idan ja ne sosai, jininta ya wadata. Idan ya koɗe ya yi fari, tana buƙatar magani nan take. A riƙa yin haka duk mako biyu da damina, kuma a bai wa masu alamar kaɗai, domin ɗura wa garke duka a kai a kai shi ne ke sa tsutsa ta daina jin magani, abin da nake ganin ya fi kowace matsala haɗari. A auna magani gwargwadon nauyin dabba bisa shawarar likita, kada kuma a bai wa mai sabon ciki maganin tsutsa mai suna albendazole.

Bincike ya nuna cewa abinci mai gina jiki yana ƙara wa dabba juriya, musamman mai shayarwa, don haka a ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa da dusa da gishirin lasa.